Kurakuran da aka fi yi wajen saka SSD a sabuwar kwamfuta da raba shi

Na gaji da ganin mutum ya haɗa kwamfuta da hannunsa, ya kunna ta, ya nemi sabon faifansa na SSD, wato faifan adana bayanai, ya rasa, nan take ya yanke hukuncin cewa lalatacce aka sayar masa. A yawancin waɗanda aka kawo mini, faifan lafiyarsa ƙalau, matsalar tana wajen mai haɗawa.

Kuskuren farko shi ne neman sabon faifai a File Explorer, tagar duba fayiloli ta Windows. Wurin nan ba ya nuna komai sai abin da aka raba, aka yi masa fomatin, aka kuma ba shi harafi kamar D ko E, alhali faifan da ya fito daga kwali ba shi da ko ɗaya daga cikin ukun. A buɗe Disk Management, manhajar Windows ta sarrafa faifai, za a tarar da shi da baƙin layi a samansa, kwamfutar kuma za ta tambayi tsarin da za a ɗora masa, GPT ko MBR. A zaɓi GPT. Tsohon tsarin MBR ba ya iya amfani da abin da ya haura 2TB, ba ya ɗaukar manyan sassa fiye da 4, kuma Windows 11 tana buƙatar UEFI, sabon tsarin tayar da kwamfuta, wanda da GPT yake tafiya. Daga nan sai a ƙirƙiri sashe, a yi masa fomatin da NTFS, tsarin fayiloli na Windows, a ba shi harafi.

Idan ko a BIOS, allon saituna da ake shiga kafin Windows ta tashi, faifan bai fito ba, to a daina wahalar da Windows, a kashe wuta a buɗe akwatin kwamfutar. Faifan SATA mai inci 2.5 waya biyu yake buƙata, ta bayanai zuwa madabod (babban allon da komai ke jone a kansa) da ta wuta daga akwatin wutar, kuma mutane da dama ɗaya suke sakawa. Shi kuwa na M.2, siririn faifan da ake sokawa a ramin madabod kai tsaye, a karkace ake tura shi har haƙoransa masu ruwan zinariya su kusa ɓacewa cikin ramin, sannan a kwantar da shi a ɗaure. A kuma sani cewa M.2 siffa ce kawai: akwai mai aiki da SATA, akwai mai aiki da NVMe, kuma faifai yana iya shiga rami daidai wa daida amma ramin bai san yarensa ba. A wasu madabod ma, saka faifai a wani ramin M.2 yana kashe wasu ramukan SATA, saboda hanya ɗaya suke rabawa. Duk wannan yana cikin littafin madabod, wanda galibi ake bari a ƙasan kwali ba a ko buɗe ledarsa ba. Idan kuma BIOS yana ganin faifan amma shirin saka Windows bai gan shi ba, a duba a BIOS ko saitin sarrafa faifai na Intel VMD a kunne yake. Ni kashe shi nake yi, wasu kuma sun fi son ɗora direban Intel RST daga filas.

Yanzu ga wanda ya taɓa cinye mini yini guda. Na saka Windows a sabon SSD alhali tsohon faifaina yana jone, komai ya tafi daidai har tsawon watanni. Ranar da na cire tsohon domin in ba ƙanena, kwamfutar ta ƙi tashi, baƙin allo kawai da saƙon cewa babu abin da za ta tashi da shi. Abin da ya faru shi ne, shirin sakawar ya tarar da ƙaramin sashen EFI, inda ake ajiye abin da ke tayar da Windows, a tsohon faifan, sai ya zuba fayilolin tayar da kwamfuta a can maimakon ya ƙirƙiri sabo. Windows tana wannan ɗaki, makullinta yana wancan. Ana iya gyarawa da umarnin bcdboot bayan an yanko wa sabon faifan sashen EFI, amma aiki ne da bai kamata a kai gare shi ba. Tun daga ranar, ba na saka Windows sai na zare kowane faifai na bar wanda nake nufi shi kaɗai, in goge duk sassansa, in zaɓi filin da ba a raba ba, in bar shirin ya yanka abin da yake so da kansa.

Akwai wani kuskuren da ya fi wannan ciwo, kuma a nan ne nake ɗaga murya ga masu kwafar umarni ba tare da sanin ma'anarsa ba. Domin goge faifai, ana danna Shift da F10 a shirin saka Windows, a rubuta diskpart, sannan list disk, sannan select disk da lamba, sannan clean. Kowa ya haddace wannan jeri kamar karatun allo, amma kaɗan ne suke tsayawa su duba lambar. Umarnin clean ba ya tambayar ko ka tabbata, ba ya gargaɗi, cikin ƙiftawar ido yake share teburin rabon faifan. Ni da nake wannan faɗa, wani dare ina sauri na ɗauka Disk 0 shi ne sabon SSD, tunda shi ne na farko a jerin, ashe faifan da ke ɗauke da hotunan iyalina da takardun aikina ne. Har yanzu ina tuna yadda hannuna ya yi sanyi da na ga girman da ke gaban lambar bayan na riga na danna. Na kwana uku da manhajar dawo da fayiloli, na samu da yawa, wasu kuma sun dawo babu suna babu folda ɗinsu. Lambar faifai ba ta nufin sabo ko tsoho, ba ta kuma nufin na farkon da ka saka. Wanda ba zai iya tsayawa ya rubuta detail disk ya karanta sunan faifan da girmansa kafin clean ba, to bai isa ya taɓa diskpart ba, ya koma Disk Management inda aƙalla yake ganin hoton abin da zai goge.

Sauran ƙanana ne. Faifan 1TB da ya nuna kusan 931GB ba cuta ba ce, masu ƙerawa da 1000 suke lissafi, Windows kuma da 1024. Ƙananan sassan nan na EFI da na farfaɗo da Windows, a bar su, ba ɓarnar wuri ba ne. A ɓare ledar da ke kan robar sanyaya M.2 kafin a rufe ƙarfen da ke ɗauke masa zafi. Game da yanka faifan 256GB gida uku ko huɗu kuwa, na sha ganin sashen C ya cika maƙil yayin da sauran suke zaune babu kowa. Ni faifan da bai kai 1TB ba, sashe ɗaya nake barinsa, idan ina son ware fayilolina sai in ƙara faifai na biyu bayan Windows ta gama zama.