Kurakuran masu ɗaukar hoton ɓallewar ƙanƙara daga cikin jirgin ruwa

A gaban Eqi, wani makeken bangon ƙanƙara da ke kusan kilomita 80 arewa da garin Ilulissat a Girinlan, jirgin ruwa kan tsaya na tsawon lokaci, fasinjoji sun jeru suna jiran wani ɓangare ya ɓalle ya rufta cikin teku. Da yawansu da hoton kumfa kawai suke komawa gida, kuma kunne ne ke cutar su. Mutum yana shan shayi ko yana latsa waya, sai ya ji ƙara kamar an harba igwa, ya zabura ya ɗaga kyamara, ashe an riga an gama. Sauti yana tafiyar kimanin mita 330 a daƙiƙa, saboda haka idan tsakaninka da bangon kilomita ɗaya ne, sai bayan daƙiƙa uku ƙarar za ta iso ka. Kamar walƙiya da tsawa a damina: ana ganin hasken kafin a ji rugugin.

Maganin wannan shi ne ka zaɓi wuri ɗaya ka kafa masa ido. Nemi inda ƙanƙarar ta tsage daga sama zuwa ƙasa, ko inda ta rankwafo gaba, ko inda ruwan teku ya ƙwaƙule gindinta ya yi kogo. Sau da yawa ƙananan gutsattsari kan fara zubowa kafin babbar ta biyo baya. Kyamara ta kasance a fuskarka, yatsa a kan maɓalli, ka sa ta a tsarin da take ɗaukar hotuna a jere. Hannu zai yi tsami, haƙuri za ka yi.

Sai masu damun direban jirgi da cewa ya ƙara matsawa kusa. Wannan shi ne kuskuren da ke iya cin rai. A 2007, a mashigin Hornsund na tsibiran Svalbard da ke ƙarƙashin Norwe, ƙanƙara ta ɓalle dab da wani jirgin 'yan yawon buɗe ido, ruwa da gutsattsari suka afka kansa, mutane da dama suka jikkata. A Svalbard, shawarar da ake bi ita ce kada a matsa ƙasa da mita 200, a ƙara nisa idan bangon ya yi tsayi ko mashigin ya yi ƙunci. Kuma ba daga sama kaɗai haɗarin ke zuwa ba. Ƙanƙara kan ɓalle daga ƙarƙashin ruwa ta taso ba zato, nesa da bangon, ga kuma igiyar ruwa da ke biyo baya.

Ita kanta kyamara tana ruɗewa da farin wuri, sai ta rage haske, ƙanƙarar ta fito kamar toka. Ƙara mata haske mataki ɗaya, ka duba. Saurin ɗauka kada ya gaza ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, tunda jirgin na rawa, abin da kake ɗauka kuma na faɗowa. Bar sandar ɗora kyamara mai ƙafa uku a masauki, don girgizar inji ta cikinta take hawowa. Kada kuma ka jawo hoton har bango ya cika shi: bar tsuntsu ko wani kwalekwale a ciki, in ba haka ba mai kallo zai ɗauka ƙanƙarar firji ce.

Sanyi na shanye batir da wuri, don haka ajiye na biyu a aljihun ciki, kusa da jiki. In za ka shiga ɗakin jirgi mai ɗumi, ka fara saka kyamarar a jaka ka zuge. In ka shiga da ita a buɗe, gilashin zai yi raɓa, kana can kana goge shi za ka ji ƙarar daga waje.