Yadda za ka buga golf a Old Course na St Andrews

Kuna ta tambayata a kan filin nan na bakin teku a Scotland, musamman masu zuwa hutun Yuli da Agusta. To ga shi:

1. Ka taho da takardar handicap ɗinka (makin da ke nuna matakin ƙwarewarka a golf), kada ya wuce 36.
2. Samu abokin wasa, ƙuri'ar da ake yi don raba lokutan wasa ba ta ɗaukar mutum ɗaya, daga biyu ne zuwa huɗu.
3. Shiga ƙuri'a a shafin St Andrews Links kwana 2 kafin ranar da kake so.

Hattara! Ƙarfe 2 na rana ake rufe shiga ƙuri'ar, nan mutane ke yin sake wallahi, sun sha hanya sun kashe kuɗin jirgi da otal amma sai su tuna bayan la'asar.

4. Duba sakamako da yamma.
5. Hau jirgin ƙasa zuwa Leuchars, tashar da ke kusa da St Andrews.
6. Kama bas zuwa cikin gari.
7. Sa rigar ruwa a jaka, iskar wajen ba ta san bazara ba.

Ranar Lahadi ba a wasa, kwashi iyali ku taka filin kyauta, ku yi hoto a gadar Swilcan, sannan ku gangara rairayin West Sands. Ruwan akwai sanyi sosai, kar a bar yara su daɗe ciki.