Yadda Ake Shirya Taron Keɓewa na Zumuntar Mata Ba Tare da An Bar Wasu a Bakin Murhu Ba

A ikkilisiyoyin kudancin Gombe, daga Billiri zuwa Kaltungo, Tula, Talasse har Cham, babu ƙungiyar da ke ɗaukar nauyi kamar Zumuntar Mata. Su ne a gidan makoki, su ne a gidan biki, su ke share majami'a ran Asabar, su ke kai wa majinyaci kunu a asibiti. Idan aka ce za a yi musu taron keɓewa na kwana biyu ko uku, manufar ita ce abin da Yesu ya yi wa almajiransa a Markus 6:31, lokacin da jama'a suka yi musu yawa har ba su samu zarafin cin abinci ba, ya ce su zo su keɓe su ɗan huta. Amma abin da aka saba gani daban ne. Mata sun taru, wasu daga cikinsu na bakin murhu tun asuba har a tashi, ba su ji koyarwa ko ɗaya ba, waɗanda suka fi bukatar zuwa kuma suna gida don ba su da kuɗin rajista.

Wannan bayani na sabuwar shugabar zumunta ne da kwamitinta. Ma'aunin kowane mataki guda ne: matar da zuwa ya fi yi wa wuya, shin za ta iya zuwa, ta zauna, ta ji?

Fara da izini, da kuma dalili

Kafin ki furta maganar a gaban mata, ki je wurin Baba Fasto da Mama, uwargidansa. A ECWA magana tana bi ta hannun dattawan ikkilisiya, idan kuma za a haɗa majami'u da yawa sai an sanar da LCC, wato majalisar majami'un yanki, a duba kalandar DCC, majalisar gunduma da ke sama da ita, don kada ranarku ta ci karo da babban taro. COCIN da Baptist da Katolika kowacce da tsarinta, sai ki bi na gidanku. Ki rubuta wasiƙa ko da kun yi magana baki da baki, sakatariya ta ajiye kwafi.

Kan maganar taro kuwa, kada ki ɗauko shi daga fostar wani taro da kika gani a Facebook. Ki ɗauko shi daga ziyara. Idan kun zaga gidaje wata biyu, za ki ji abin da ke ci wa mata tuwo a ƙwarya: bashin adashi, ɗa da ya faɗa shaye-shaye, rashin jituwa da uwar miji, gwauruwar da dangin miji suka karɓe wa gona. A nan kan magana yake. Ɗaya ya isa.

Zaɓen rana

Daga Yuni zuwa Satumba mata na gona, shuka da noma ba sa jiran kowa. Oktoba da Nuwamba kaka ce, ana cirar gyaɗa da roron wake. Disamba ta Kirsimeti ce da bukukuwan aure, farkon Janairu kuma kuɗin makaranta ya kwashe abin hannu. Maris da Afrilu zafi ne mai tsanani, lokacin da sanƙarau ke yaɗuwa idan aka cunkushe a ɗaki guda. A ganina ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu ya fi: rumbu na da hatsi, aikin gona ya lafa, sanyin hunturu kuma bargo na maganinsa. Illarsa ɗaya, makarantu suna buɗe, ba za ki samu ɗakin kwanan ɗalibai ba sai a hutu. A kauce wa ranar kasuwar garin, domin mai sayar da ƙosai ko waina ba za ta bar cinikin mako ba, kuma gaskiyarta ne.

A sanar a sujada aƙalla wata biyu kafin ranar, a riƙa maimaitawa.

Raba aiki, musamman na girki

A nan yawancin taro ke lalacewa. Shugaba mai ƙwazo takan so ta riƙe komai, ita ce a kasuwa, ita ce a rajista, ita ce mai tarbar baƙi. Surukin Musa, Yetro, ya ga irin wannan a Fitowa 18, ya gaya masa zai gajiyar da kansa da mutanen duka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ki naɗa mai kula da abinci, mai masauki, mai lafiya, mai tsarin sujada da waƙa, mai sufuri, kowacce da mataimakiya. Kada duka su fito daga ƙawayenki ko daga yare ɗaya. Inda ake da Tangale da Waja da Tula da Dadiya a benci guda, ana lura da irin wannan ko ba a faɗa ba.

Sai girki. Dokar da nake ba da shawara a kafa ita ce: wadda ta yi rajistar taro ba ta girkin taro. Akwai hanyoyi uku. Mafi kyau ita ce musaya da zumuntar wata majami'a ta kusa: su zo su dafa muku bana, ku je ku dafa musu a nasu. Ta biyu, a ɗauki masu girkin biki a biya su, a sa kuɗin cikin lissafi tun farko. Ta uku, idan biyun farko ba su yiwu ba, a roƙi matasa da zumuntar maza su ɗauki ɗebo ruwa, faskare, kai niƙa da wanke tukwane, mata kaɗan su yi karɓa-karɓa a kan tuƙa tuwo, ba wadda za ta wuce girki ɗaya. Wasu iyaye za su ƙi. Akwai Mamar da ta shekara da shekaru tana riƙe da muciyar kowane taro, idan aka ce ta zauna sai ta ga kamar an raina ta. Kada ki aika mata saƙo. Ki je gidanta da kanki, ki durƙusa ki gaishe ta, ki ce, "Mama, bana muna so ki zauna a gaba, yaran nan su ji daga bakinki." Ki ba ta jagorancin ƙaramin rukuni. Ai aikin da Titus 2:3-5 ya ba manyan mata ke nan, su koya wa ƙanana.

Abincin ya zama mai sauƙi: kunun gyaɗa ko koko da ƙosai da safe, shinkafa da wake da rana, tuwon masara da miyar kuka ko kuɓewa da dare. A tambayi masu ciwon suga da hawan jini tun wajen rajista, a rage gishiri da magi a tukunyarsu.

Kuɗi

Ki zauna da ma'aji da mai kula da abinci ku rubuta komai: hatsi, mai, itace ko gawayi, ruwa, man janareta, mota, magani, abin godiya ga mai koyarwa. Ku shiga kasuwa ku ji farashi da kunnenku, kada ku dogara da na bara, sannan ku ƙara kashi 10 cikin 100 saboda abin da ba a zata ba.

Kada a ɗora duka a kan kuɗin rajista. A buɗe ƙofar biya da hatsi: mai mudun masara biyu, mai wake, mai gyaɗa, mai damin itace, a rubuta mata a matsayin ta biya, ba tare da wata alama daban a littafi ba. A yi baiko na musamman a sujadar Lahadi don gwauraye da marasa ƙarfi, amma sunayen waɗanda aka biya wa su tsaya tsakanin shugaba da ma'aji. Kiran suna a gaban jama'a a ce "an taimaka wa wance" ya isa ya hana ta zuwa baɗi. Rigimar farko da aka rubuta a cikin ikkilisiyar Urushalima, a Ayyukan Manzanni 6, a kan gwaurayen da aka tsallake wajen rabon abinci ce.

Wani abu da ke korar mata a ɓoye shi ne sabon anko. Zanen zumunta da kowa ke da shi ya wadatar. Idan aka fitar da atamfa ta musamman, wadda ba ta iya saya ba za ta ce miki ba ta da lafiya.

Kuɗi kuwa kada mace ɗaya ta ƙirga shi ita kaɗai, ko da kowa ya shaida amanarta. Biyu su ƙirga, biyu su sa hannu, a ba da rasit, abin da aka turo ta waya ya shiga asusun zumunta, ba na shugaba ba. Bulus ma da zai kai gudummawa Urushalima ya sa wasu 'yan'uwa cikin tafiyar don kada a samu abin zargi, kamar yadda yake a 2 Korintiyawa 8:20-21.

Wuri

Ki je ki gani da idonki. Abu na farko ruwa: rijiyar burtsatse tana aiki, ko sai an sayo? Ki lissafa jarka ɗaya mai lita 20 ga kowace mace a rana, ban da na girki. Na biyu bayan gida, kusan ɗaya ga mata 20, da fitila a hanyarsa. Na uku ɗakin kwana mai tagogi, tsofaffi da masu ciki kusa da ƙofa, masu goyo a ɗakinsu daban.

A yankin Kaltungo da Billiri kada a yi wasa da maciji. Kububuwa ta yi yawa a nan, shi ya sa ma ake da asibitin masu saran maciji a Kaltungo. A sa matasa su share ciyawa, su kawar da tarin duwatsu da itace daga kusa da masauki, kowace mace ta zo da tocila da takalmi. Idan tsautsayi ya faru, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaurewa da igiya. A kwantar da ita, a hana gaɓar motsi, a nufi asibiti nan take. Saboda haka mota ɗaya da direbanta su kwana a wurin. A samu ma'aikaciyar jinya cikin 'yan zumunta, da akwatin magani da gishirin zawo.

Tsarin yini

Kada a cika shi maƙil. Koyarwa biyu a rana sun isa, kowacce kada ta wuce awa ɗaya. Bayan kowacce a rabu rukuni-rukuni, mata takwas zuwa goma a gindin bishiya, domin a nan ne wadda ba ta taɓa buɗe baki a majami'a ba take magana. Mai jagora ta faɗa tun farko cewa abin da aka ji a rukuni a nan zai tsaya, kuma kada a mai da sirrin wata "roƙon addu'a" a babban zaure. Idan magana ta kai ga duka a gida ko cin zarafin yarinya, ta wuce ƙarfin rukuni; da sanin mai maganar a kai ta ga Fasto da Mama, a nemi hukuma inda ya kamata.

Bayan abincin rana a bar awa biyu babu komai. Mai barci ta yi barci, mai kitso ta yi kitso. Wasu za su ce ɓata lokaci ne. Ba haka ba ne, don shi aka zo.

Mai koyarwa ta san Hausa sosai, tunda ita ce ta haɗa kowa, a kuma zaunar da mai fassara kusa da tsofaffin da suka fi jin yarensu. Mai karatu ta faɗi fassarar Littafi Mai Tsarki da ke hannunta, domin tsohuwar ta 1932 da waɗanda suka biyo bayanta kalmominsu sun bambanta, mai bi a nata littafin sai ta rikice. A waƙa a ba kowane yare fili, a fito da tulu da kacau-kacau da ganga, a kuma bar 'yan mata su kawo nasu. Jarirai kuwa a roƙi manyan 'yan Girls' Brigade su riƙe su a inuwa kusa, inda uwa za ta iya leƙawa ta ba da nono ta dawo.

Tsaro da gida

A sanar da ofishin 'yan sanda da mai unguwa a rubuce. A gaisa da maƙwabta, Kirista da Musulmi, a rage lasifika da dare da lokutan salla. Ƙofa ɗaya ta shiga, 'yan Boys' Brigade ko masu gadin majami'a a bakinta, da littafin sunaye da lambar wani na gida. A tashi taro da hantsi don na nesa su isa da rana. Hanyar Gombe zuwa Yola ba ta tafiyar dare da mota cike da mata ba ce. Baba Fasto kuma ya yi wa maza magana daga bagade mako biyu kafin ranar, domin mace da yawa abin da ke hana ta shi ne wa zai riƙe gida.

Bayan an dawo

Cikin mako biyu ma'aji ta karanta rahoton kuɗi a taron zumunta, abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage, har ragowar hatsi da inda aka kai shi. A aika wa dattawa kwafi, a rubuta wasiƙar godiya ga masu wuri da masu girki. Sannan sakatariya ta ɗauko littafin rajista ta gwada shi da na membobi, ta fitar da sunayen waɗanda ba su zo ba. A raba su tsakanin 'yan kwamiti, biyu-biyu, a je gidajensu da takardar taƙaitaccen abin da aka koyar. A tambayi kowacce abin da ya hana ta, a rubuta amsar yadda ta faɗa, a sa a fayil ɗin da za a miƙa wa kwamitin baɗi.