Kurakuran da 'yan uwanmu ke yi in sun hau Uludag wasan zamiyar ƙanƙara

Daga Disamba zuwa Maris sai ka ga ɗalibanmu da 'yan kasuwa da ke Istanbul sun haɗa kuɗi sun tsallaka zuwa garin Bursa wai za su hau dutsen Uludag su taka dusar ƙanƙara, kuma kusan kuskure ɗaya ake ta maimaitawa, mutum ya leƙa taga da safe ya ga rana tarwai a cikin gari sai ya ɗauka haka saman yake. Ina! Ƙololuwar dutsen nan mita 2,543 ce, kuma duk mita dubu da ka hau sanyi na ƙaruwa da wajen digiri 6, ga hazo da ke saukowa ba sallama har wanda ke gabanka ma ya ɓace maka. Hasashen yanayin Uludag ɗin kansa za ka duba ba na Bursa ba, ka duba da daddare, bayan sallar asuba ka sake dubawa.

Sai iskar da Turkawa ke kira lodos, mai ɗumi ce daga kudu maso yamma, in ta taso da ƙarfi tsayar da teleferik ake yi, wato keken igiyar nan da ke ɗaukar mutane daga gari zuwa sama. Kar ka yanki tikitin komawa Istanbul a ƙurarren lokaci. Kuma iskar tana narkar da dusa, in sanyi ya dawo ta daskare ta koma kamar gilashi, faɗuwa a kanta ba daɗi wallahi. Mai hawa da mota ya tanadi sarƙar taya, in ba haka ba jandarma, wato jami'an tsaron hanyar, na iya juyo da shi.

Maganar kaya kuwa nan aka fi shan wuya. Wannan fa ba hunturun Jos ba ne da za ka saka jins da suwaita ka ce ka shirya, auduga in ta sha gumi ko dusa ba ta bushewa, ita za ta daskarar da kai. Hawa uku ake yi, ta ciki mai tsotse gumi, ta tsakiya mai ɗumi, ta waje wadda ruwa da iska ba sa ratsawa, in rana ta fito ka cire ɗaya ka cusa a jaka. Safa biyu ma kuskure ne, nima na yi, takalmin ya matse jini ya daina gudu sosai yatsuna suka mutu murus. Ɗaya mai kyau ta isa.

Wasu su ce ai mu baƙaƙe ne rana ba ta ƙona mu. Sabuwar dusa na dawo da kusan kashi 80 na hasken da ke ƙona fata, kuma ido ba ruwansa da launin fatarka, ka nemi tabarau da man kariya da na leɓe.

Toh sai jarumai, masu cewa ba sai an koya musu ba. Dan Allah ka biya malami ko na awa ɗaya, ka fara da koyon tsayawa, a haɗa bakin allunan zamiyar da ke ƙafa ta gaba a buɗe bayansu. Hanyoyin zamiyar kala-kala ne, kore da shuɗi na 'yan koyo, ja ta waɗanda suka ɗan iya, baƙa kam ko hoto kar ka je ɗauka a bakinta. In hazo ya rufe ka bi sandunan gefen hanya a hankali, kar ka kutsa cikin bishiyoyi neman yanke.

Waya a aljihun ciki kusa da jiki, sanyi na shanye batir, lambar gaggawa 112. Alwala ma ka yi ta tun kafin ka saka takalman zamiyar nan don cire su aiki ne, sannan ka tambayi ƙarfe nawa teleferik na ƙarshe ke sauka ranar.