Yadda Ake Zaɓen Sansanin Mota Mai Ɗakin Kwana a Tafkunan Arewacin Minnesota

Magidanta da ke zaune a Amurka sun sha tambayata yadda za su zaɓi wurin da ya dace da yara. Ga matakan bi da bi.

1. Ka auna tsawon motarka, har da abin da take ja, ka rubuta, domin ka nemi wurin ajiyewa da zai ɗauke ta.

2. Ka zaɓi tafki. Ga mai ƙananan yara na fi son ƙananan tafkuna, irin na gandun daji na Itasca inda kogin Mississippi ya samo asali, domin ruwan tafkin Superior yana da tsananin sanyi ko a watan Yuli.

3. Ka duba ƙarfin lantarkin wurin, amfiya 30 ne ko 50.

Gargaɗi: a nan ake yawan kuskure. Ba kowane wurin ajiye mota ke da wuta ba, kuma samun wuta ba ya nufin akwai famfo a gefen motar.

4. Ka buɗe taswirar sansanin, ka nemi wuri kusa da banɗaki amma nesa da hanyar motoci.

5. Ka tambaya ko akwai bakin ruwa mai yashi, marar zurfi.

6. Ka kama wuri da wuri ta intanet. Gandunan dajin jihar Minnesota suna fara karɓar rajista tun kwana 120 kafin ranar zuwa.

7. Ka tanadi maganin sauro, musamman a watan Yuni.

8. Ka sayi itacen wuta a can, domin an hana shigo da wanda ba a tantance ba saboda ƙwarin da ke kashe bishiyoyi.