Kurakuran da sababbin 'yan wasa suka fi yi a gaban kyamara

Da yawa daga masu shigowa Kannywood a wasan daɓe suka taso, na makaranta ko na ƙungiyar unguwa, inda dole a ɗaga murya, a ware hannu, don na can baya ya gani. Kyamara ba ta son haka. In an matso da ita kan fuska, ɗaga gira ya wadatar. Wanda ya zare ido yana kaɗa kai kuwa, dariya zai ba mutane a wurin da ake neman tausayi. Kafin darakta ya ce "akshin", tambayi mai ɗaukar hoto iyakar da zai ɗauko ka: jiki duka, daga ƙirji zuwa sama, ko fuska kawai. Iya kusancin kyamara, iya rage motsinka. Murya ma haka, tunda makirfo na saman kanka ko maƙale a rigarka. Da wanda ke gabanka kake magana, ba da 'yan kallon da suka taru a lokeshin ba.

Kuskuren da ya fi ɓata aiki, a ganinmu, shi ne rashin sauraro. Mutum ya haddace zancensa tsaf, abokin wasansa na magana, shi kuwa fuska a daskare, jira kawai yake a zo kansa. Alhali mai haɗa hoto, wato wanda ke yanka da jera hotunan bayan an gama ɗauka, fuskar mai sauraro yake nema, domin a can mai kallo ke gane nauyin maganar. Maganinsa shi ne ka san zancen abokin wasanka kamar naka, ka gano kalmar da za ta soke ka, ka bari ta sauka a fuskarka kafin ka buɗe baki. A fim ɗin Hausa wannan ya zama dole, don ba a yarda namiji da mace su taɓa juna ba, kuma Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano na sa ido a kai. Soyayya da kunya sai dai a gan su a sunkuyar da kai, da jan mayafi, da ɗan shirun da ke zuwa kafin amsa.

Kuka ma ana zaƙewa. Shafa man zafi a ƙasan ido zai kawo hawaye, amma mai baƙin ciki na gaske ƙoƙarin danne kukan yake yi. Dannewar za ka nuna, murya na rawa, numfashi na sarƙewa.

Fitowa ɗaya akan ɗauke ta sau da yawa ta kusurwa daban-daban. In ka riƙe kofi da dama a ɗaukar farko, ka koma hagu a ta biyu, ko karin hularka ya sauya, hotunan ba za su haɗu ba. Sa a ɗauke ka hoto a waya kafin a tashi, don ka tuna yadda kake. A fim mai dogon zango, kada ka yi aski sai da izinin darakta.

In ka fara da Sakkwatanci, kada Kananci ya ƙwace maka a tsakiya. Kuma ko zancenka ya ƙare, ci gaba da zama cikin halin da kake har sai ka ji "kat", domin waɗannan 'yan daƙiƙoƙin ne mai haɗa hoto ke yanka a kansu.