Harafin Ҫ na Chuvash: kurakuran da aka fi yi wajen buga shi

Harshen Chuvash na Jamhuriyar Chuvashiya da ke Rasha ana rubuta shi da haruffa 37: 33 na Rashanci, sai huɗu nasa na kansa, wato Ӑ, Ӗ, Ҫ da Ӳ. A cikinsu Ҫ na shan wahala a hannun masu buga rubutu. Sautinsa kamar “sh” ne mai laushi, kuma yana cikin kalmomin yau da kullum, irin su ҫурт (gida) da ҫӑкӑр (burodi).

Babban kuskuren shi ne aro ç na Faransanci ko Turkanci a saka a madadinsa. A ido ba ka ganin bambanci, amma a wurin kwamfuta haruffa biyu ne daban: a Unicode, tsarin da ke ba kowane harafi lamba a kwamfuta, na Chuvash lambarsa U+04AB, babbansa U+04AA, na aron kuwa U+00E7. Sai kalma ɗaya ta zama rabi Sirilik (haruffa irin na Rashanci) rabi Latin (irin na boko). Mai nema ya buga ҫурт daidai, bai samu ba. Manhajar duba rubutu ta ja wa kalmar jan layi. A jerin ƙamus kuma ta faɗa inda ba wurinta ba. Wannan asara ce ta gaske ga harshen da rubutunsa bai yi yawa a intanet ba, domin aikin yana nan amma ba ya samuwa.

Gyaran ba wuya. A Word, buga 04AB sannan ka danna Alt da X tare, harafin zai fito. In kana shakkar wanda ke cikin rubutu, ajiye alamar bugu a bayansa ka danna su, lambarsa za ta bayyana. Tsohon fayil kuwa, a bi shi da nema-da-sauyawa, ƙanana daban manya daban, a haɗa da ă, ĕ da ÿ, don su ma ana aro su a madadin ӑ, ӗ da ӳ.

Wasu kan buga harafin Sirilik с su liƙa masa wutsiya ta U+0327. A guji wannan. Unicode na iya haɗe а da alamarta su koma ӑ, amma ba ya yi wa ҫ haka.

Sai batun siffa. Harshen Bashkir na Rasha ma na amfani da lambar ҫ, da wani sauti daban, kuma wutsiyar kan bambanta. A shafin intanet a sa alamar harshen Chuvash, wato lang="cv", domin salon haruffan da ya tanadi siffofin biyu ya fito da ta Chuvash.